Fuskokin da Kamala Ta Gani: Mai Zanen Umdurman Tsakanin Zar, Likita da Buroshi

Jiragen ƙasa na ƙarƙashin birnin Landan suna da tagogi masu ɗan lanƙwasa, kuma da yake a cikin rami suke gudu, babu abin da fasinja zai hango ta taga sai duhu. Duhun nan shi ke mayar da gilashin madubi, madubin kuma ba mai faɗin gaskiya ba. Yakan ja goshi ya yi tsawo, ya tsaga fuska gida biyu, ya ɗora haɓar wani a kan kafaɗar maƙwabcinsa. 'Yan gari sun saba, kowa kansa na cikin jarida. Amma a 1964 akwai wata matashiya 'yar Sudan mai shekara 25, wadda ta zo ƙaro karatu a Kwalejin Zane ta Sarauta, da ta riƙa zura wa waɗannan fuskoki ido. Sunanta Kamala Ibrahim Ishaq. Daga baya ta bayyana cewa waɗannan karkatattun fuskoki na tagar jirgi suna cikin abubuwan da suka koya mata yadda za ta zana mutum.

Wanda ya ga aikinta ba zai yi musu ba. Fiye da shekara hamsin ta yi tana zana mata, kuma da wuya ka sami fuska guda a cikinsu da ta zauna daidai. Wata ta miƙe kamar an ja ta, wata ta ruɓanya, wata ido ɗaya ya fi ɗaya sanin abin da ake ciki. Ba rashin iya hannu ba ne, domin ta koyi zanen siffar mutum a kan ƙa'ida, ta kuma koyar da shi shekaru masu yawa. Abin da take nema daban ne. Tana neman yadda za a nuna abin da ke damun mace a ciki, wanda bakinta ba ya faɗa, ba tare da an rubuta kalma ko ɗaya ba. Wannan neman ne ya kai ta wurare uku da ba su cika zama inuwa ɗaya ba: ajin zane na Turawa, ɗakin masu zar na Umdurman, da kuma tambayoyin da likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasarta suke yi a daidai wannan zamani.

'Yar Baitul Mali

An haife ta a 1939 a Umdurman, garin da ke yammacin Nilu, daura da Khartum, kusa da inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke gamuwa. A lokacin Khartum ta Turawa ce da ofisoshinsu, Umdurman kuwa ta 'yan ƙasa, mai gidajen laka da lunguna, garin da Mahadi da Halifansa Abdullahi suka mayar cibiyar mulki daga 1885 har zuwa 1898, shekarar da sojojin Ingila da Masar suka ci shi a yaƙin Karari. Unguwar da Kamala ta tashi, Baitul Mali, daga taskar gwamnatin Mahadi ta samo sunanta. A irin waɗannan gidaje akwai sashen maza, akwai sashen mata, kuma a sashen matan ne yarinya take jin labaran aljanu da iskoki daga bakin uwa da kakanni. Kamala ta ji nata rabo, ba ta kuma zubar da shi a ƙofar makaranta ba.

Zuwanta makarantar ma ba ƙaramin abu ba ne. Sai a 1907 Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a garin Rufa'a, ya fara da 'ya'yan gidansa da na maƙwabta, mutane suna masa kallon wanda ya zo da baƙon abu. Ƙungiyar Matan Sudan a 1952 aka kafa ta, mace ta farko kuma, Fatima Ahmad Ibrahim, sai a 1965 ta shiga majalisa. Tsakanin waɗannan shekaru ne Kamala ta shiga Kwalejin Zane da Ƙere-ƙere ta Khartum, wadda tushenta wani sashen koyar da zane ne da aka buɗe a Kwalejin Gordon a tsakiyar shekarun 1940. Ta gama a 1963, tana cikin matan farko da suka fito daga can.

Ta tarar da kwalejin tana tafasa da muhawara. Sudan ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Janairu, 1956, masu zane kuma suna tambayar kansu: wane irin zane ne namu? Babban malami a cikinsu, Ibrahim Salahi, ya dawo daga makarantar Slade ta Landan a 1957 da gwanintar zanen Turawa, ya baje kolin aikinsa a Khartum, mutane suka zo buɗewa, suka sha lemo, ba su sake waiwayowa ba. Abin ya dame shi, sai ya shiga duba abin da mutane suke ratayewa a ɗakunansu da son ransu. Ya tarar da ayoyi cikin kyakkyawan rubutu, da adon faifai, da zayyanar allo. Shi kuwa ɗan malamin makarantar allo ne, saboda haka ya koma ga harafin Larabci, ya riƙa warware shi yana fitar da siffofi daga cikinsa. Ahmad Shibrain ya bi harafin ta tasa hanyar. Wannan shi ne abin da aka sani da Mazhabar Khartum, kuma a daidai lokacin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suna irin wannan tawaye a kwalejin Zariya, inda suka kafa ƙungiyarsu a 1958. Salahi ma ya kai aikinsa kulob ɗin Mbari na Ibadan a farkon shekarun 1960.

Harafi ya warware matsala biyu a lokaci guda. Ya ba wa zanen Sudan fuska tasa, ya kuma kauce wa saɓanin malamai a kan zana mai rai, domin babu mai faɗa da alif. Ana lissafa Kamala cikin wannan mazhaba, kuma da gaskiya, tunda a cikinta ta girma. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba: gadon da ake ta kira na ƙasa, wato allo da tawada da rubutun malamai, akasarinsa gadon zauren maza ne. Abin da ke faruwa a cikin gida, bayan labule, ba shi da harafi. Idan za a zana shi, dole a zana jiki da fuska. Kuma surar mutum ba baƙuwa ba ce a ƙasar Nilu. A shekarun da Kamala take ɗaliba, masu haƙar tarihi daga Poland ƙarƙashin Kazimierz Michałowski suna ɓamɓaro zane-zanen bangon tsohuwar majami'ar Faras, kafin ruwan madatsar Aswan ya cinye wurin: waliyyai da sarakunan Nuba masu manyan idanu, an raba su tsakanin Warso da Khartum.

Malamai biyu a Landan, ɗaya matacce

Tsakanin 1964 da 1966 tana Landan, ta kuma sake komawa a ƙarshen shekarun 1960 don ƙaro karatu. Sunaye biyu ne suke maimaituwa duk lokacin da ake maganar wannan zama nata. Na farko William Blake, mawaƙi kuma mai sassaƙa hoto a kan tagulla, wanda ya rayu daga 1757 zuwa 1827. Tun yana yaro yake cewa ya ga mala'iku a kan bishiya, kuma har ya mutu bai janye ba, yana zana abin da ya ce yana gani kamar yadda wani zai zana maƙwabcinsa. Mutanen zamaninsa da yawa sun ɗauke shi mai taɓin hankali. Ga yarinyar da ta taso a gidan da ake maganar iskoki kamar maganar dangi, Blake ba abin mamaki ba ne. Abin mamakin shi ne a ce Turawan da suke kiran irin wannan abu camfi idan sun gan shi a Afirka, su ne suka rataye nasu a gidan adana zane na Tate suna alfahari da shi.

Na biyun yana raye, ɗakin aikinsa ma yana unguwar Kensington ta Kudu, tafiyar ƙafa daga kwalejinta. Francis Bacon ke nan, wanda Tate ta yi wa babban baje koli a 1962. Shi ne mai zana fafaroma yana kurma ihu a kan kujera, da mutane masu narkakkiyar fuska a tsare cikin wasu siraran layuka masu kama da keji. Bacon bai yarda da Allah ba, bai yarda da lahira ba, a wurinsa mutum nama ne mai jin zafi. Kamala ta ɗauki dabarar, ta bar masa aƙidar. Idan ka ajiye kejinsa kusa da akwatunan gilashin da ta zo ta riƙa saka mata a ciki, za ka ga dangantaka, amma za ka ga bambanci. Mutumin Bacon shi kaɗai ne a duniya, babu mai jin ihunsa. Matan Kamala kusan kullum a cikin taro suke, ko da kowacce tana nata akwatin.

Abin da ake yi a ɗakin zar

A nan ya kamata a dakata, domin wanda bai san zar ba ba zai gane zanenta ba, wanda kuma ya san bori ya riga ya san rabinsa.

Zar al'ada ce ta neman waraka da ake samu a Sudan, Masar, Habasha, Somaliya, har zuwa gaɓar Tekun Fasha. A arewacin Sudan mata ne jigonta. Mace za ta yi ta fama da ciwon kai, ko kasala, ko ɓari bayan ɓari, ko wani baƙin ciki marar suna. An je wurin malami ya yi rubutu, an je asibiti an sha ƙwaya, shiru. Sai a kai ta wurin shaiha, wato uwar zar. Shaiha tana da gwangwanin turarukanta, buɗe shi kuma shi ne matakin farko na gano wanda ya kama marar lafiya. Idan an tabbatar, sai a sa ranar biki, wanda kan ɗauki kwanaki, wani lokaci har bakwai. Ana kiɗa, ana turare, ana rera waƙar kowane iska bi da bi. Wadda aka taɓo nata sai ya hau ta, ta sa tufafinsa, ta yi tafiyarsa, ta yi magana da muryarsa, ya faɗi abin da yake so: sabon mayafi, turare, zobe, ragon yanka. Ba a korarsa. Sulhu ake yi da shi, a zauna tare har ƙarshen rai. Wannan shi ne babban bambancin zar da ruƙiyya, kuma duk Bahaushen da ya taɓa jin yadda ake girka zai ce ai wannan labarin gida ne.

Kusancin ya wuce kama. Reshen zar da ya fi yaɗuwa a Sudan ana kiransa zar bori, don a bambanta shi da ɗaya reshen, tumbura, kuma wasu masana suna danganta sunan da Hausawan da suka bi hanyar hajji ta ƙasa suka zauna a can. Sun zauna kuwa da yawa, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kai jama'arsa bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har yau. Wani abin ban sha'awa shi ne jerin iskokin zar kansa. Akwai rukunin waliyyai, akwai Habashawa, akwai Turawa masu shan taba da tafiyar isa, akwai manyan jami'an Turkawa, akwai makiyayan gabas, sannan akwai Fallata, wato mutanen yammacin Afirka, mu ke nan. Duk baƙon da ya taɓa ratsa ƙasar ya bar inuwarsa a ɗakin mata.

To, mene ne ainihin abin da ke faruwa a wannan ɗaki? Amsa uku ce ta yi fice, kuma ba su jituwa. Ta malaman addini a fili take: bidi'a ce, yanka don wanin Allah kuma ya taɓa shirka. Wannan hukunci ba baƙo ba ne a kunnenmu, tun zamanin Shehu Usmanu ake yinsa a kan bori, masu nazarin tarihin Nana Asma'u ma suna ganin ɗaya daga cikin dalilan kafa 'Yan Taru shi ne a ba wa matan karkara wata mahaɗa da za ta maye gurbinsa. A Sudan gwamnatin Umar al-Bashir ta haramta zar a farkon shekarun 1990, abin ya koma ɓoye.

Amsa ta biyu ta likitoci ce, kuma a nan Sudan tana da mutum na musamman. Tijjani al-Mahi, wanda aka haifa a 1911 ya rasu a 1970, shi ne ɗan Sudan na farko da ya ƙware a likitancin ƙwaƙwalwa, ya karɓi shaidarsa a Landan a 1949. Da ya dawo bai rufe ƙofarsa ga malaman tsibbu da shaihohi ba. Ya zauna da su, ya yi nazarin zar, ya ga cewa a cikinsa akwai abin da likitocin Turai suke ƙoƙarin yi da sunan warkarwa ta hanyar wasan kwaikwayo: a ba wa marar lafiya fili ya fito da abin da ya danne, a gaban jama'ar da ba za su yi masa dariya ba. A Najeriya Thomas Adeoye Lambo yana kan irin wannan tunani lokacin da ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta a 1954, inda masu jinya suke zama a gidajen mutane tare da danginsu. Asibitin ƙwaƙwalwa na Umdurman sunan Tijjani al-Mahi yake ɗauke da shi.

Amsa ta uku ta masu nazarin al'umma ce, su ma kansu a rabe yake. I. M. Lewis, wanda ya yi aiki a Somaliya, ya ce a littafinsa na 1971 wannan makamin marar ƙarfi ne: matar da ba ta isa ta ce wa miji saya mini kaza ba, iska zai faɗa a madadinta, miji kuma ba shi da yadda zai yi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kowa ya san gidan da aka yi haka. Amma Janice Boddy, wadda ta zauna da matan wani ƙauye a arewacin Sudan tun daga 1976 ta fitar da littafinta a 1989, ta ga wannan bayani ya yi arha. Ta lura cewa kamun ya fi yawa ga matan aure masu matsalar haihuwa, a al'ummar da darajar mace take rataye ga 'ya'yan da ta haifa. A ganinta zar yana ba wa mace damar ta fita daga kanta na ɗan lokaci, ta zama Bature, ta zama Bahabashiya, ta juyo ta kalli rayuwarta daga waje, ta gane cewa yadda aka tsara mata ba shi kaɗai ne yadda ake rayuwa ba.

Kamala ba malamar addini ba ce, ba kuma likita ba ce. Amma ta shiga ɗakunan. Tun a shekarun 1960 ta riƙa bin masu zar tana kallo tana tambaya, kuma kasancewarta mace 'yar gari ya buɗe mata ƙofar da ba za a buɗe wa Salahi ko Shibrain ba. Ciwon 'ya mace, in ji Hausawa, na 'ya mace ne.

Abin da ta fito da shi

Abin lura shi ne ba ta zana zar yadda mai yawon buɗe ido zai so ba. Babu rawar ban mamaki, babu jinin yanka a gaba-gaba. Abin da ake gani shi ne mata a zazzaune cikin da'ira, ko kewaye da faranti, ko suna haɗa turare, launuka kuma na ƙasa ne: ruwan ƙasa, ɗorawa mai duhu, kore irin na ganyen da ya sha ƙura. Motsin duka a fuska yake. Fuskar da ta rabu biyu ita ce mace da baƙon da ke cikinta, ko kuma mace da matar da aka ce ta zama. Mai kallo ne zai zaɓa, kuma a ganina ƙarfin aikin ke nan. Likita zai tsaya a gabansa ya ga damuwa da danniya. Shaiha za ta ga iska ya sauka. Malami zai ga abin da yake wa'azi a kai. Zanen bai ƙaryata ko ɗaya ba, bai kuma sa hannu a takardar kowa ba.

Don haka kuskure ne a ɗauki aikinta tallar zar, kamar yadda kuskure ne a ɗauki likitan da ya rubuta littafi a kan cuta mai son cutar. Haka nan akwai gyara ga masu shirya baje koli a Turai, waɗanda da sun ji kalmar ruhi a bakin 'yar Afirka sai jikinsu ya yi sanyi, su manta cewa matan da ke cikin zanen suna da miji da kishiya da uwar miji da gawar jariri. Ruhaniyyar Kamala ba ta tashi sama ta bar tsakar gida ba. Har kayan aikinta sun nuna haka, domin ban da yadin zane ta yi fenti a kan ƙwarya, da fatar ganga, da allunan kare ɗaki.

A tsakiyar shekarun 1970 ta raba gari da mazhabar da ta rene ta. Ita da wasu ɗalibanta, cikinsu har da Muhammad Hamid Shaddad da Na'ila al-Tayyib, suka fitar da sanarwar wata sabuwar tafiya a jaridar Khartum, suka kira kansu da sunan dutsen nan mai ɗaukar ido da ake ganin abu ta cikinsa kamar ƙarau. Hujjarsu ita ce duniya haka take: fuskokinta da yawa, kana matsawa tana sauyawa, babu wata kusurwa guda da za a ce daga nan ne ake ganin gaskiya. Wannan suka ne kai tsaye ga masu cewa akwai wani tsayayyen gado guda da kowane mai zanen Sudan zai durƙusa wa, a zamanin da gwamnatin Ja'afar Numairi ta iya amfani da kalmar gado don bukatar kanta. Ba kowane abu a sanarwar ne ya tsufa da kyau ba, akwai zafin ƙuruciya da son girgiza manya. Amma daga cikinta ne shahararren aikinta na 1984 ya fito, matan da ke cikin akwatunan ƙarau: ana ganinsu sarai, suna ganin juna, babu wadda za ta iya miƙa hannu ta taɓa 'yar'uwarta. Shekara guda ke nan bayan dokokin shari'a da Numairi ya kafa a Satumban 1983.

Ta yi kimanin shekara talatin tana koyarwa a kwalejin, har ta shugabanci sashen fenti, kuma da yawa daga masu zanen Sudan na baya sun ratsa ta ajinta. Bayan juyin mulkin 1989 iska ta sauya wa masu zane da mawaƙa, da yawa suka fice. Ita ma ta yi shekaru a Maskat ta ƙasar Oman kafin ta komo gida. A wannan tsakani tsirrai suka shigo aikinta da ƙarfi. Ganye ya fara yin ido, mace ta fara yin saiwa, har ya zama da wuya a ce ga inda mutum ya ƙare bishiya ta fara. A babban zanenta na 2019 mai sunan unguwarsu, Baitul Mali, ta jera gidaje da dangi a dunƙule-dunƙule, saiwoyi suna bi ta ƙarƙashi suna haɗa su.

Duniya ta makara kafin ta waiwaye ta. Tana da shekara 77 lokacin da Gidauniyar Zane ta Sharja ta yi mata baje kolin aikin rayuwa a 2016, tare da wani babba a kan Mazhabar Khartum wanda Hoor al-Qasimi da Salah Hassan suka shirya. A 2019 ta karɓi babbar lambar yabo ta Yarima Claus ta ƙasar Holan. A Oktoban 2022 gidan zane na Serpentine ya buɗe mata nata baje kolin a Landan, a cikin lambun Kensington, 'yar tazara kaɗan daga kwalejin da ta yi karatu.

A wannan baje koli ne aka ga zanen da ta yi wa matasan da aka kashe ranar 3 ga Yuni, 2019, lokacin da jami'an tsaro suka tarwatsa zaman dirshan a gaban hedikwatar soja a Khartum, wata biyu bayan faɗuwar al-Bashir. An kashe fiye da mutum ɗari bisa ƙidayar ƙungiyar likitoci, an kuma tsamo gawarwaki da dama daga Nilu. Kamala ba ta zana bindiga ko soja ba. Ta shafe yadin da shuɗi, ta sa dogayen tsirran ruwa suna tasowa daga ƙasa, a tsakaninsu kuma fuskoki a cikin ƙwallaye masu kama da kumfa, suna shawagi. Dabarar da ta ƙirƙiro don nuna abin da ke cin matar aure a ɗaki, ita ce ta ɗauki nauyin makokin ƙasa, ba tare da an sauya mata komai ba.

An rufe baje kolin a ƙarshen Janairun 2023. Ranar 15 ga Afrilu yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa, Khartum da Umdurman suka zama fagen fama, tsofaffin unguwannin Umdurman suna cikin inda aka fi gwabzawa. Miliyoyin mutane suka bar gidajensu, masu zane da yawa suka watse zuwa Alƙahira da Nairobi da Kampala, suka bar ɗakunan aikinsu a buɗe. Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda aka buɗe a 1971, inda aka ajiye rabon Sudan na zane-zanen Faras, inda kuma Kamala ta yi zanen bango tana matashiyar malama, ya faɗa hannun dakarun tun farkon yaƙin. Da sojoji suka ƙwace tsakiyar Khartum a Maris na 2025, jami'an adana kayan tarihi suka shiga suka tarar an farfasa akwatunan nuni an kwashe kaya masu yawa, har da zinariyar sarakunan Kush. Wanda yake son ganin aikin Kamala a yau, hanyarsa mafi sauƙi ita ce Sharja, inda aka sayi wasu daga cikin zane-zanenta aka adana tun kafin a fara harbi.